Gitar da ake saya da ɗoki, a sayar da ita da takaici

Nura: Jama'a, abin nan yana ci min rai. Ku duba gitocin da ake mayarwa kasuwa kafin su shekara a hannu, iri uku ne kullum: mai Floyd Rose (wata irin gadar ƙarfe da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin gita), Les Paul (gitar kamfanin Gibson), da bes (gita mai kaurin sauti) mai tsirkiya biyar ɗan araha. Duk ƙira ce mai aibu, masu shago kuma ba sa gaya wa yara. A Floyd Rose gadar lilo take tsakanin jan tsirkiyoyi da sifirin na baya. Ɗaya ta tsinke, sauran biyar sun bar saiti, kuma sai ka nemo makullin Allen na milimita 3 kafin ka kwance ƙarfen da ke kulle tsirkiyoyi a saman wuyan gitar.

Malam Habu: Aibu? Ƙanena, janye kalmar nan. Ka sa ɗan katako tsakanin ƙarfen gadar da jikin gitar ta baya, ka canza tsirkiya ɗaya-ɗaya, ka saita, sannan ka kulle. Rashin sani ba aibun ƙira ba ne.

Iliya: To Les Paul fa, Malam? Kan wuyanta ya karkata digiri 17, itacen mahogani ne guda, an kuma rarake shi daidai wurin don sandan miƙe wuya. Ta zame daga jikin bango kawai, kai ya tsage. Ga nauyi, wata ta haura kilo 4. In wannan ba aibu ba ne, mene ne?

Malam Habu: Wannan karkatar ita ke danne tsirkiya ta zauna daram. Ana kiransa hali, ba aibu ba. Gam ɗin kafinta da matsewar awa 24 sun gyara tsagewar.

Iliya: An gyara, amma kuɗinta ya faɗi. Wuyan gitar kamfanin Fender kusoshi huɗu ne, ka kwance ka sa wani.

Sani Bes: Ku 'yan Fender ba ku da aiki sai kusoshi huɗu. Yawancin Les Paul ɗin da kuke zagi ma jabu ne. Ta gaske murfin sandan wuyanta sukuru biyu ne, jabu sau da yawa uku.

Hadiza: Yaya Sani, ai kai ya kamata ka yi maganar bes. Tsirkiyar B, wato mafi kauri a bes mai tsirkiya biyar, a kan tsawon inci 34 takan yi sako-sako a masu araha, shi ya sa wasu ke neman inci 35.

Sani Bes: Ƙanwata, a sa mata mai kaurin inci .130 tukuna. Rabin masu cewa bes ya mutu ma batir ɗin bolt 9 da ke cikinsa ne ya ƙare, don sun bar waya a jone kwana da kwanaki.

Iliya: Jabu ko ta gaske, karkatar kan wuya na nan.

Malam Habu: A matsayina na babba a zauren nan, ga abin da aka cimma: babu aibu a Les Paul ko Floyd Rose, masu mayar da su kasuwa ne suka yi gaggawa, kuma Iliya bai kawo hujja ba.

Iliya: Wa ya cimma, Malam? Kai da Sani?

Nura: Ni masu shago na kawo ƙara, har yanzu ba wanda ya taɓo su.