Shasin bindigar gasa yana murɗe uwar bindiga idan an ɗaure sukurori, ina mafita?

Salamu alaikum, masana aikin injin sassaƙa ƙarfe. Shasi ne (gangar jikin da ake ɗaure sassan bindiga a kai) na bindigar gasar harbin nesa, an sassaƙa shi daga dunƙulen alminiyom nau'in 6061-T6 domin ya ɗauki gajeriyar uwar bindiga (sashen da bututu ke ɗaure a jikinsa, inda harsashi ke shiga) samfurin Remington 700. Mazaunin da uwar bindigar ke zama a kai mai siffar V ne, sukurori biyu masu girman 1/4-28 ke riƙe ta, tazarar inci 6.5 tsakaninsu, ana ɗaure su da ƙarfin murɗi na inci-fam 65.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan na ɗora agogon awo (ma'auni mai allura da ke nuna ƙaramin motsi) a kan bututun, na sassauta sukurun gaba, allurar tana motsawa inci 0.006. Ai bai kamata ta wuce 0.002 ba. Kenan uwar bindigar a murɗe take zaune, shi ya sa harbi a yadi 100 yake jeruwa sama da ƙasa duk lokacin da aka kwance aka sake ɗaurewa. Bututun ba ya taɓa komai, harshen da ke tare bugun baya kuma bai dira a ƙasan raminsa ba, na gwada da shuɗin tawada.

Zargina alminiyom ɗin ne ya lanƙwashe bayan an ƙwaƙule ramin gidan harsashi, domin an gama mazaunin tun kafin a yanke ramin. Shin sassaƙar farko, a saki abin da ya matse shi a injin, sannan a gama mazaunin a ƙarshe zai wadatar? Ko kuwa a shafa siririn ifoksi (gam mai daskarewa da ƙarfi) kawai a kan mazaunin? Ifoksin yana gyarawa, amma shasin ya zama na bindiga ɗaya tak, ni kuma wanda zai karɓi kowace uwar bindiga ta wannan samfurin nake so.