Muhawara: Wanda Ya Share Hanyar Keke a Tsauni, Shi Ne Mai Ita?

Mai Keken Dutse: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kuka na kawo, kuma ina roƙon a saurare ni har ƙarshe kafin a yanke mani hukunci. Tun kakar bara ni da wasu matasa muka duƙufa wajen share hanyar keke a jikin wani ɗan tsauni da ke bayan garin Gusau, irin siririyar hanyar nan ta masu keken hawan dutse wadda mutum biyu ba sa jerawa a kanta. Da diga da shebur da fartanya da manjagara muka yi ta, inda baro ya kasa hawa muka ɗauki duwatsu a ka, kuma babu wanda ya ba mu ko sisi. Damina na sauka sai masu babur da ke sauko da itace da gawayi suka mayar da ita tasu, tayoyinsu suka yi mata gurbi, ruwan Agusta ya bi sawun ya ƙwaƙule, yanzu a gangaren farko kwazazzabo ne da ya kai gwiwa. A Amurka, inda wasan ya samo asali a shekarun 1970 a tsaunukan yankin Marin na jihar Kalifoniya, mahaya ne da kansu suke fitowa gyaran hanyoyinsu, har suka kafa ƙungiyar masu keken dutse ta duniya, wato IMBA, a 1988, kuma ana ganin mutuncinsu. Mu a nan ko sannu ba mu samu ba. Matsayina shi ne wanda ya zuba gumi shi ne mai hanya. Mu 'yan sa kai ne, kuma mun yanke shawarar kafa shinge a gindin tsaunin mu riƙa gadinsa da kanmu.

Dattijon Unguwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya saka maku da alheri a kan wahalar da kuka sha, amma ina so ka koma ka goge layinka na ƙarshe tun kafin wani ya ɗauke shi ya kai inda ba ka yi nufi ba. A Zamfara ta yau, mutum ba ya haɗa 'yan sa kai da shinge da tsauni a magana guda sannan ya kwana lafiya. Gwamnati ta sha haramta ayyukan masu wannan suna, kuma a farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara domin tsaron al'umma ya koma ƙarƙashin hukuma. Ku masu keke ne, ku kira kanku masu keke.

Ma'aikaciyar Lafiya: Baba, ina ganin girmanka, amma ban yarda a ƙwace mana wannan suna ba. Matan da suka bi gida gida suna ɗiga wa yara maganin shan inna har aka tabbatar a 2020 cewa ƙwayar cutar shan inna ta asali ta kau daga Najeriya, sa kai suka yi. 'Yan agaji da ke tsayuwa cikin rana a filin Idi, da matasan da ke zuwa asibiti su ba da jini ga wanda ba su sani ba, su ma sa kai suke yi. Don wasu sun ɗauki bindiga da wannan suna ba zai sa yaron da ya ɗauki diga ya ji kunyar faɗinsa ba.

Ɗan Bunguɗu: Hajiya, a yi mana adalci, masu rigakafi ana ba su alawus. Wanda ake sallama da kuɗi a ƙarshen zagaye ma'aikaci ne, ko da kuɗin kaɗan ne.

Ma'aikaciyar Lafiya: Malam, abin da ake bayarwa bai kai kuɗin abin hawa da ruwan sha ba, kuma da ka taɓa yini kana ƙwanƙwasa ƙofar da ake rufe maka a fuska, da ba ka kira shi albashi ba.

Malamin Hausa (mai kula da zaure): Jama'a, ni a ganina duk wannan takaddama ba ta taso ba, domin Bahaushe yana da sunan wannan aiki tun kafin a ƙera keke. Gayya ce. Da gayya kakanninmu suka yi noma, suka ɗaga jinka, suka yashe rijiya, suka share hanyar kasuwa bayan damina. Da ƙanenmu ya rubuta cewa gayya suka yi, da babu dattijon da gabansa zai faɗi, kuma da jama'ar gefen tsaunin sun fahimci abin tun farko.

Ɗan Bunguɗu: Malam, ka fi ni ilimi, amma ba ka fi ni noma ba. Gayya tana da mai ita. Shi ne yake aikawa a gayyato mutane, matansa su dama fura su tuƙa tuwo, ya kira makaɗa su sa wa samari kuzari, sannan ranar da maƙwabcinsa ya kira tasa dole ya je ya rama. To wane ne mai gayya a kan wannan tsauni, kuma wa ya ci moriyar aikin ban da su da suka yi shi? Mutum ya gyara wurin wasansa da hannunsa, ban ga gayya a nan ba, ban kuma ga sa kai ba.

Mai Keken Dutse: Yaya, ba don kanmu kaɗai muka yi ba. Yaran makaranta suna zuwa da kekunan gida suna gwada ƙasan hanyar, kuma wani mai shagon kayan keke ya taimaka mana da diga biyu da ruwan leda saboda ya ga amfanin abin.

Ɗan Bunguɗu: Ashe akwai mai gayya. Ɗazu ka ce babu wanda ya ba ku ko sisi, yanzu ga mai shago ya ɓullo, wanda duk tayar da ta fashe a kan dutsen nan aljihunsa za ta faɗa.

Tsohon Safiyo: Ina neman izini in koma kan hanyar ita kanta, tunda ita ce ta lalace. Ɗana, daga yadda ka kwatanta, kwazazzabon ya fito ne a gangaren farko, kuma wannan ya sa nake zargin kun miƙe hanyar daga sama zuwa ƙasa, daidai inda ruwa yake bi idan ya sauko. Hanyar da aka shimfiɗa haka magudana ce, ko babur bai taɓa hawa ba damina ɗaya ta ishe ta. Ita ƙungiyar da ka ambata tana koyar da cewa gangaren hanya kada ya wuce rabin gangaren jikin tsaunin da take ratsawa, wato idan tsaunin yana sauka da kashi 20 cikin ɗari, ma'ana mita 20 a kowace mita ɗari, hanyar ta tsaya a kashi 10 ko ƙasa da haka, kuma jimillar gangarenta daga farko zuwa ƙarshe ya kasance wajen kashi 10. Ana karkatar da fuskar hanyar waje kaɗan, kamar kashi 5, domin ruwa ya tsallake ta ya wuce maimakon ya bi tsawonta, sannan a riƙa sa ta ɗan nutsa ta sake ɗagawa a kai a kai, yadda duk ruwan da ya hau zai sami mafita kafin ya yi ƙarfi. Inda dole sai an hau tsaye, a jera faffaɗan dutse a binne gindinsa. Akwai kuma batun lokaci, domin ƙasar da aka tona cikin hunturu ko bazara gari ce, ba ta daɓuwa, sai tana da ɗan danshi take kamawa. Tsaunukanmu na nan, irin su Kwatarkwashi, suna da fā mai faɗi da ruwa ba ya ci, kuma mai dabara a kansa yake bi da hanya duk inda ya samu. Ban wanke masu babur ba, nauyin itace yana yi wa jiƙaƙƙiyar ƙasa illa, amma shinge ba ya tare ruwa.

Jikan Makiyayi: Ni tambayata ita ce, kafin ku zo da diga babu sawun kowa a wurin? Da wuya a sami tsauni a kusa da gari wanda mata masu itace da yara masu kiwo ba su da turbarsu a jikinsa, kuma sau da yawa a kan tsohuwar turba ake faɗaɗawa a ce an yi sabuwa. Haka aka yi wa burtali, kowa ya ɗan ci gefe har shanu suka rasa wurin wucewa. Game da sunan da ake jayayya a kai kuwa, Baba ya faɗi gaskiya. Akwai gidajen da in an ce ga 'yan sa kai nan sun kafa shinge, ba keke suke tunawa ba, suna tuna wanda ya tafi kasuwa bai dawo ba.

Ɗan Bunguɗu: Akwai kuma ƙauyukan da ba don waɗannan mutane ba da yau babu kowa a cikinsu. Kada a zo nan a ɓata sunan waɗanda suka tsaya a lokacin da babu wanda ya zo ceto. Kowa ya san su waye suka fara.

Jikan Makiyayi: Idan kowa ya sani, Malam, ai sai ka faɗa mu ji, mu ga ko lissafinka zai fara daga inda namu ya fara.

Malamin Hausa (mai kula da zaure): Na roƙe ku don girman Allah ku bar wannan. Kowannenmu ya yi rashi, kuma ba a wannan zaure za a raba gardamar ba. Wannan ma ya ƙara nuna dalilin da ya sa na ce a yi amfani da gayya.

Ɗalibar Shari'a: Ina so in tunatar da yayanmu cewa gumi ba ya mallaka wa mutum ƙasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin amfani da ita, ban da haƙƙin waɗanda suka gāji wurin. Misalin Amurka ma da ya kawo ba ya goyon bayansa, domin waccan ƙungiya ta taso ne a lokacin da ake rufe wa masu keke hanyoyi a Kalifoniya, su ne ake korewa, sai suka haɗu suka nemi zama da masu kula da dazuzzukan, suka yi tayin gyaran hanya domin a bar su su bi tare da masu tafiya a ƙasa da masu dawaki. Shin an je wurin mai unguwa ko hakimi kafin a sa diga?

Mai Keken Dutse: Ƙanwata, wurin kango ne, babu gona babu gida, kuma da mun tsaya jiran takarda da har yau ba mu fara ba. Ƙasar da 'yar tserenta Ese Ukpeseraye sai da ta ari keke a wurin Jamusawa a gasar Olamfik ta Paris a 2024, ita ce za ta kula da hanyar tsauni a Gusau? Tun 1996 aka sa keken dutse a Olamfik a Atlanta, shekarar da aka ƙirƙiro Zamfara, amma ku nuna mani inda aka tanadar wa yaro ya koya.

Bakanike: Maigida, wancan aron keken na tseren cikin zagayayyen fili ne, irin wanda aka gina a Abuja don wasannin Afirka na 2003, ba shi da haɗi da dutse. Kuma yawancin abin da ake kawo mani da sunan keken dutse na gwanjo ne mai mataccen birki, wanda ban yarda ɗana ya gangaro tsauni a kansa ba.

Ma'aikaciyar Lafiya: Har yanzu Ɗan Bunguɗu bai janye maganar alawus ba, kuma ina jira.

Ɗan Bunguɗu: Hajiya, ban zage ki ba. Na ce wanda aka biya an biya shi, kuma a kan haka nake.

Dattijon Unguwa: Ni dai na ga har yanzu ba a goge layin nan ba.

Tsohon Safiyo: Idan akwai mai son a ceto hanyar, ƙarshen damina ne lokacin, tun ƙasa ba ta bushe ba. A toshe gangaren farko da duwatsu da ƙaya a bar ciyawa ta rufe shi, a sake zana hanyar ta kewaya jikin tsaunin, sannan a zauna da masu itacen a ware masu tasu turbar.

Malamin Hausa (mai kula da zaure): To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma kafin in rufe. An yi muhawara mai amfani, kuma ra'ayin da ya rinjaya shi ne cewa sunan da ƙanenmu ya zaɓa bai dace da halin da jiharmu take ciki ba, gayya ita ce ta dace, kamar yadda na yi bayani tun farko kuma babu wanda ya kawo hujja mai ƙarfi da ta rushe shi. Abin da Ɗan Bunguɗu ya faɗa game da fura da makaɗa al'adar wasu wurare ce, ba sharaɗi ba ne. Hajiya ta yi magana cikin ɓacin rai, muna ba ta haƙuri. Kowa ya yarda an zalunci waɗannan matasa kuma sun cancanci yabo. Bayanin Baba Safiyo a kan gangare da batun doka da ɗalibarmu ta kawo suna da kyau, sai dai sun ɗan kauce daga abin da ake tattaunawa, don haka mai bukata ya neme su a gefe. Maganar shinge an bar ta ga masu aikin su duba. Daga yau duk sanarwar da za a sa a wannan zaure game da tsaunin a rubuta ta da sunan gayyar masu keke, wadda aka rubuta da wani suna kuma zan cire ta.