Taƙaitawar Tattaunawa kan Yadda Korona Ta Taɓa Rayuwa a Abuja

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar tattaunawa da aka yi kan yadda cutar Korona ta taɓa rayuwar mutanen Abuja, ba tare da ambaton sunan kowa ba.

1. Kusan kowa ya yarda cewa yunwa ta fi cutar kanta gigita talaka tun daga kullen da aka sanya wa Abuja ranar 30 ga Maris, 2020. Mai tura baro a kasuwar Wuse da mai shayi a Nyanya, waɗanda sai sun fita suke samun na cefane, sun wayi gari tukunya a kife. Shawarar mafi yawa ita ce a riƙa tanadin hatsi da shiga adashi tun ana zaune lafiya, ko da yake, a ganina, wannan ya fi sauƙi ga mai albashi.

2. Zaman gida ya haifar da damuwa da saɓani tsakanin ma'aurata, don haka aka ba da shawarar yawan kiran dangi a waya, musamman tsofaffi.

3. An rabu kan rufe masallatai da makarantu: wasu sun ce kare rai ne gaba, wasu kuwa sun nuna cewa yaran da iyayensu ba su da kuɗin data na karatu ta intanet sun yi watanni babu karatu.