Abin da 'yan uwa suka ce kan neman wurin aiki na farko bayan digirin zanen gine-gine

Jama'a, maganar da aka yi kan yadda wanda ya gama digirin zanen gine-gine zai nemi wurin aiki na farko ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda cewa a tara zane-zanen makaranta mafi kyau wuri guda, a buga su, a kai ofis da ƙafa. Saƙon WhatsApp kaɗai ba ya sa a kira mutum a Kano.

2. Iya aiki da AutoCAD, manhajar zanen gini a kwamfuta, dole ne. Manhajojin Revit da SketchUp ƙari ne mai amfani.

3. A tabbatar mai ofishin yana da rajista da ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gine-gine (akitek) rajista a Najeriya, domin shekara 2 na ƙwarewa da ake nema kafin jarrabawar zama cikakken akitek sai a ƙarƙashin mai rajista ake lissafa su. Da yawa sun jaddada wannan, har da cewa digirin farko bai isa ba, sai an haɗa da na biyu.

4. Inda aka rabu: aikin gwamnati ko ofis mai zaman kansa. Wasu sun ce a nemi bautar ƙasa a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ko ma'aikatar ayyuka, a ga yadda ake amincewa da zanen gini. Wasu kuwa sun ce a ƙaramin ofis ne za a riƙa tura ka wurin gini, ka tsaya da birkila da kafinta, ka koyi abin da aji bai koyar ba. Ni dai na fi karkata nan.

5. Aiki ba albashi ya jawo gardama sosai. Mafi rinjaye sun ce a karɓa in har za a ba da kuɗin mota, amma a yanke wa'adi tun farko.

6. An kuma ba da shawarar halartar tarukan NIA, ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Najeriya, reshen Kano, da tuntuɓar tsofaffin malamai na BUK da jami'ar Wudil.