Dan Allah a ba ni shawara, in ci gaba da rubutu a Wikipedia ko in haƙura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi abin nan ya hana ni sukuni. Shekara biyu kenan ina rubutu a Wikipedia ta Hausa, na fara ne lokacin da likita ya ce mahaifiyata tana da ciwon sukari, na shiga neman bayani da Hausa don in karanta mata amma abin da na samu bai ishe ni ba, shi ne na buɗe akawun na dinga rubutawa da daddare bayan kowa ya kwanta, wani lokaci har ƙarfe biyu ina kan waya ina neman yadda zan faɗi aikin insulin a jiki da kalmar da za ta gane. Yanzu yayana ya tsaya kai da fata wai ɓata lokaci da data ne tunda ba a biyana komai. Jiya kuma wani edita ya manna wa maƙalar da na fi wahala a kanta alamar gogewa wai ba madogara, wato ban nuna inda na ɗauko bayanin ba. Me zan yi?

Tsohon edita: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara cire maganar kuɗi a ranka. Tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa Wikipedia a 2001, 'yan sa kai ne ke rubuta ta, har admin ɗin, wato masu kula da shafukan, ma ba albashi gare su ba. Wani son ilimi ne ya kawo shi, wani kishin harshensa, wani kuma kuskure ya gani ya kasa kawar da kai. Wanda ya sa maka alama bai ƙi ka ba, ƙa'ida ce, musamman a maganar lafiya. Je shafin tattaunawa na maƙalar ka kawo littafi ko mujallar likitoci.

Wata memba: Hmm ni dai na daina. Kwana uku na yi ina gyara shafi ɗaya wani ya zo ya mayar da shi yadda yake, ko sannu bai ce min ba. Har yau abin na cina. Ka saurari yayanka.

Wani memba: Malam ka mayar da shi sana'a mana, akwai masu son a buɗe musu shafi su biya.

Tsohon edita: A'a, kar ka kai shi ga halaka. Tun 2014 dokar gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta wajabta duk wanda aka biya ya yi rubutu ya bayyana hakan, in ya ɓoye ana iya toshe akawun ɗinsa. Ke kuma 'yar uwa aikinki bai ɓace ba, yana nan a tarihin shafin.

Mai tambaya: Na gode yallaɓai, amma ni fa ba ƙarya na rubuta ba, abin da likita ya faɗa mana ne da bakinsa, kuma ranar da na karanta wa Umma sai da ta ce in maimaita. Maganar sana'a kuma ba don haka na shiga ba.

Tsohon edita: Maganar baki ba ta zama madogara ƙanena, ko da gaskiya ce.

Wata memba: Ba ka faɗa mana ba, kana da aikin yi kuwa? Don watakila nan damuwar yayanka take.

Mai tambaya: Wannan maganar daban ce Anti. Ni dai maƙalar nan nake ji, in aka goge ta ban san ko zan iya sake buɗe shafin ba.