Fizik ɗin seri C da na seri D: wanne ya fi wuya a jarrabawar bak?

Wani uba, daga Tawa:

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ɗiyata ta kammala ajin farko na lise, wato babbar sakandare, kuma an ce mu zaɓa mata tsakanin seri C, ɓangaren da ya fi ba lissafi da fizik ƙarfi, da seri D, mai ƙarfi a kimiyyar halittu, kafin a koma lakol. A takardar sakamakonta ta samu 14 bisa 20 a fizik, amma a lissafi da ƙyar ta kai 11. Ita C take so, domin burinta ta shiga EMIG, babbar makarantar injiniyoyi da ke Yamai, ta zama injiniya, mahaifiyarta kuwa ta ji ana cewa fizik ɗin C ne ke kayar da yara a bak, jarrabawar kammala lise, don haka ta kafe a kan D. Kawunta da ke Kano ya ƙara dagula lamarin, ya ce a kai masa ita ta zana WAEC, jarrabawar kammala sakandare ta can, wai ta fi sauƙi. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba. Ina roƙon waɗanda suka san abin su faɗa mini gaskiya.

Wani malamin fizik, daga Yamai:

Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina koyar da azuzuwan biyu, kuma abin da na gani shi ne, yawancin darussan iri ɗaya ne: dokokin Newton, tafiyar abin da aka jefa sama, tauraron ɗan adam, lantarki da maganaɗisu, da narkewar ƙwayar zarra. Bambancin yana wajen yadda ake tambaya. Ɗauki tauraron da ke tsaye a kan wuri guda na duniya, irin wanda kwanon talabijin ke fuskanta. Ɗan D galibi ana riƙe masa hannu, tambaya ta ɗaya ta kai shi ga ta biyu, har ya fito da tsayin kusan kilomita 36,000. Ɗan C kuwa ana iya ce masa ya tashi daga dokar Newton, ya tabbatar da dokar Kepler ta uku, wadda ke haɗa nisan tauraro da lokacin zagayensa, da haruffa zalla, ba ko lamba ɗaya a gabansa, sai a layin ƙarshe ya sa adadi. Wanda lissafinsa bai zauna ba, a nan yake tsayawa cak, ko da ya fahimci fizik ɗin sarai.

Saboda haka 14 ɗin nan bai ba ni tsoro ba, 11 ɗin ne ya kamata ka duba. Amma 11 iri biyu ne. Akwai na yaron da bai gane ba, akwai kuma na mai gaggawa da ke zubar da maki wajen manta alamar ragi. Ka sa wani malami ya ba ta atisayen aljabra guda uku, ya zauna kusa da ita yana kallon hannunta, kada ya tsaya ga amsar ƙarshe kawai.

Wata ɗalibar likitanci, Jami'ar Abdou Moumouni:

Baba, ina wuni. Ni D na yi, kuma ina jin ciwo idan aka ce wurin hutu ne. A D kana ɗauke da kimiyyar halittu mai tarin hadda, ga lissafi, ga fizik da shimi (kimiyyar sinadarai) a takarda guda, kuma kowanne yana da nauyi a jimillar maki. A shekarar tarminal, wato ajin ƙarshe, muna da ɗan allo a zauren gidanmu, mu huɗu muke taruwa bayan isha'i, idan wuta ta ɗauke ɗaya ya riƙe fitilar waya, ɗaya yana rubutu da alli, zufa tana zuba. Ɗaya daga cikinmu ta yi watsi da fizik, tana cewa halittu zai ɗauke ta, sai da ta je zagaye na biyu na bak, na waɗanda makinsu bai cika ba, kafin ta tsira. Idan ƙanwata, ɗiyarka, ba ta son hadda, D zai fi yi mata wuya fiye da yadda Inna take zato.

Wani ma'aikaci da ya yi karatu a Najeriya:

Game da maganar kawu, ni na zana bak kuma daga baya na zana na can. Fizik ɗin WAEC takarda uku ne: tambayoyi 50 na zaɓi, da na rubutu, da na gwaji da hannu a ɗakin kimiyya. Lissafinsa bai kai zurfin na C ba, wannan gaskiya ne, amma yana da faɗi, daga zafi da haske har sauti, kuma na gwajin yana ba wanda bai taɓa riƙe kayan awo ba mamaki. Bayansa akwai JAMB, jarrabawar shiga jami'a, a kan kwamfuta, tambayoyi 180 cikin awa 2, 40 daga ciki na fizik. Duk wannan da Ingilishi ne. Yarinyar da ta yi shekara goma tana karatu da Faransanci, harshen zai fara kayar da ita kafin fizik.

Malamin fizik ya ƙara da cewa:

Wani ya rubuto mini cewa ai sau da yawa ƴan C sun fi cin bak, don haka C ya fi sauƙi. Wannan ma'auni yana yaudara, domin ƴan C kaɗan ne, kuma zaɓaɓɓu ne tun daga farko. Ko a Amurka an ga irin haka: jarrabawar fizik ta ɗaliban sakandare mai suna AP Physics 1, wadda aljabra kawai take buƙata, ta yi shekaru tana kayar da ɗalibai fiye da AP Physics C mai lissafi mai zurfi, saboda kowa na shiga ta farkon, ta biyun kuwa sai gwanaye. Sannan, Malam, ka bincika ko ajin C na lakol ɗinta yana da malamin lissafi tsayayye. Ƙaramin aji da malami nagari ya fi komai taimakon yaro mai 11.

Uban ya dawo bayan mako guda:

Allah ya saka da alheri. Wani maƙwabcinmu da ke karatu a Jami'ar Djibo Hamani ya yi mata gwajin da Malam ya faɗa. Atisaye biyu ta bi hanya daidai, ta ɓata amsa a layin ƙarshe saboda alamar ragi, na ukun kuma ta ci. Ya ce zai riƙa zama da ita safiya uku a mako har ƙarshen hutu, idan hannunta ya nutsu mu rubuta C. Mahaifiyarta ba ta ce to ba tukuna, amma jiya ita ce ta aika aka sayo alli, ni kuma na ba kafinta aikin allo.