Kyamarar duba gida daga nesa: wacce za a saya, ina za a kafa ta?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Wata huɗu ke nan da aiki ya mayar da ni Fatakwal, iyali kuma suna Kano: Hajiyarmu, uwargida da yara uku. Makon jiya wani ya haura katangar maƙwabcinmu da asubar fari ya kwance injin jan ruwa, babu wanda ya ji motsinsa. Tun ranar barcina rabi da rabi ne. Ina son kyamarar nan mara waya da ake kallo ta wayar hannu. Wanda ya taɓa amfani da ita ya taimaka mini, wacce zan saya?

Ummu Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba. Mu Tapo C200 muka sa a falo saboda yara, shekara biyu ke nan. Tana juyawa hagu da dama, ana magana ta cikinta, da dare ma tana gani. Amma ta cikin ɗaki ce, ba ta waje ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam Baban Walid. Kafin a zo kan suna, amsa mini abu biyu: awa nawa kuke samun wuta a rana, kuma akwai waifai a gidan?

Baban Walid: Wuta sai yadda ta yiwu, Injiniya. Akwai ƙaramar inbata amma fitilu da fanka kawai take ɗauka, kuma takan mutu kafin asuba. Waifai babu, kowa da datarsa.

Injiniya: To nan aikin yake. "Mara waya" da ake cewa, wayar intanet ce babu, amma yawancinsu sai an jona su da wuta. Kyamara da rauta, wato na'urar da ke ba da waifai, duk biyun sai suna kunne, ɗaya ta mutu ka daina gani. Kuma ka lura, lokacin da inbatarka ke mutuwa shi ne lokacin da aka shiga gidan maƙwabcinka.

Sa'ar da aka yi ba sa cin wuta. Ƙaramar kyamara wat 5 ne ko ƙasa da haka, rauta ma kusan haka ko ta ɗan fi. Ka ƙaddara wat 10 su biyun. Fawabank mai 20,000mAh, idan aka lissafa, wat 74 yake bayarwa na awa ɗaya, wato in an cire asara zai riƙe su awa biyar zuwa shida. Bai isa dare guda ba. Abin da nake sa wa mutane shi ne ƙaramin batirin rauta mai ramuka na bolt 5, 9 da 12, a jona shi da inbata. Inbata ta mutu, shi ya karɓa. Duba jikin cajar kyamarar kafin ka saya, don wata bolt 5 ce, wata 9, wata 12. Ka ba mai 5 wutar 12, ta ƙone nan take.

Na ƙofar gida kuwa, nemi wadda aka rubuta IP65 ko IP66, ita ke jure ruwa da ƙura. Tapo C310 tana cikinsu, Ezviz da Imou ma suna da na waje. Ezviz ta Hikvision ce, Imou kuma daga Dahua ta fito, duk gidajen da suka daɗe a sana'ar ne.

Ɗan Maraɗi: Injiniya ya yi gaskiya, amma tunda babu waifai, me zai hana ya ɗauki mai layi? Ni garken shanuna yana bayan gari, babu wuta ko kusa. Na sa mai sola da batir a cikinta, aka saka mata layin waya, shi ke nan. Reolink Go irin wannan ce, akwai kuma marasa suna masu aiki da manhajar V380 ko UBox, sun cika kasuwa. Sai dai ka san halinta: barci take don tattalin batir, sai ta ji ɗumin jikin mai wucewa ta farka ta ɗauka. Wani lokaci kafin ta farka mutum ya yi taku biyu uku. Kada ka sa ta kallon hanya a miƙe, sa ta yadda mai zuwa zai gitta ta gabanta, ta fi saurin ji.

Kuma zafin bazara yana cin batir. Farantin sola a rana, ita kuma a ƙarƙashin inuwar rufi. Da hunturu ina sa yaro ya goge farantin duk sati, in ba haka ba hazo ya rufe shi.

Baban Walid: Na gode Ɗan Maraɗi. To data fa? Abin da nake tsoro ke nan, kada in sayo abin da zai cinye albashi.

Injiniya: Lissafinta a fili yake. Hoto mai kyau na 1080 yana tafiya da megabit 1 zuwa 2 a daƙiƙa. Megabit 1 a daƙiƙa shi ne 450MB a awa, kusan 11GB a yini in ba a tsaya ba. Amma fa sai kana kallo, ko ka biya kamfanin yana ajiye maka hotunan a ma'ajiyarsu ta intanet. In katin memori take zuba wa, kai kuma sai an yi motsi ka leƙa na minti biyu, datar kaɗan ce ƙwarai. Ka tuna kuma ɓangare biyu take ci, layin gida yana turawa, wayarka a Fatakwal tana saukewa. A manhajar akwai inda ake rage kyan hoto lokacin kallo, ka bar shi a ƙarami.

Wani abu da ke wahalar da mutane ranar haɗawa: waifai iri biyu ne, yawancin masu sauƙin kuɗi mai 2.4GHz kaɗai suke kamawa, ba sa ganin mai 5GHz. In ta ƙi haɗuwa da rauta, nan za ka fara dubawa. Sannan katangar bulo tana kashe waifai. Tsaya daidai inda za ka kafa ta da wayarka, in sanda ɗaya kake gani to ita ma wahala za ta sha.

Alhaji na Gusau: Ɗana, duk wadda za ka saya, kada ka yarda da wadda ba ta da ramin memori. Mu mun gani da idonmu. A watan Satumbar 2021 da aka rufe sabis a Zamfara saboda matsalar tsaro, makonni muka yi ba kira ba intanet. Ta shagona ba a iya kallonta daga nesa, amma ta ci gaba da zuba wa kati, duk abin da ya faru muna da shi. Maƙwabcina da ya dogara da ma'ajiyar kamfani, tasa ta zama ado.

Layin da za ka saka mata kuma ya zama da sunanka, a haɗe da NIN ɗinka. Ka riƙa sa masa data a kan kari, layin da aka bari ya daɗe ba a amfani da shi karɓe shi ake yi.

Ummu Sadiq: Maganar kati, a yi hattara da jabu. Na sayi wani a bakin titi an rubuta 128GB, wata guda ina zaton yana ɗauka. Ranar da muka nemi hoton wanda ya ɗauke keken yaro, fayil ɗin duk ya lalace. Yanzu SanDisk High Endurance nake sa wa, an yi shi ne don rubutu ba tsayawa. Samsung ma suna da PRO Endurance.

Injiniya: Haka ne. Katin 128GB na gaske, in dare da rana take ɗauka, zai yi kwana shida zuwa goma sha ɗaya kafin ta fara shafe na farko. In kuma sai an yi motsi, ya fi haka nesa. Ka kafa ta sama inda hannu ba ya kai, don ɓarawo in ya cire ta ya tafi da katin.

Maman Iman: Don Allah ku yi haƙuri in sa baki, duk an yi maganar wuta da data, ba a yi maganar mutanen gidan ba. Baban Walid, ka yi shawara da Maman Walid? Ina tambaya ne don na zauna a gidan da aka sa kyamara tana kallon tsakar gida. Niyyar mai kyau ce, amma wallahi gidan ya daina zama gida. Tsakar gida nan mace ke cire mayafi ta yi wanki, nan ake kitso, nan maƙwabta mata ke shigowa su sake. Da suka ji akwai ido a bango, ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke ƙafa. Har barka da aka zo yi mini, a tsaitsaye aka yi ta da hijabai. Sai da muka zauna aka mayar da ita zaure, sannan hankalina ya kwanta.

Ni shawarata, ƙofar gida, zaure, da bayan katanga inda ake iya haurawa. Ban da tsakar gida, ban da ɗakuna. Hajiya kuma a je a gaya mata da ladabi, kada ta ga abu a bango ta ɗauka ana gadinta. In akwai 'yar aiki ita ma a sanar da ita. Sannan a sa wa Maman Walid manhajar a wayarta, ai ita ke cikin gidan, ita ta fi buƙatar ganin mai buga ƙofa da dare kafin ta buɗe.

Malam: Allah ya saka da alheri Maman Iman, kin riga ni. Tsare gida halal ne, amma a Suratul Hujurat aya ta 12 Allah ya hana bin diddigin asirin mutane, a Suratun Nur aya ta 27 kuma ya hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. Hadisi ya zo a Bukhari cewa saboda kallo aka shar'anta neman izini. Kyamarar da aka kafa a sama tana leƙa tsakar gidan maƙwabci ta shiga gidansa ba sallama. Gidajenmu a manne suke, don haka mai kafawa ya karkatar da ita ƙasa, kuma a kira maƙwabcin ya duba wayar da idonsa ya ga iyakar abin da take gani.

Injiniya: Malam, akwai ma maganin wannan a manhajojin da yawa: ana zana baƙin akwati a kan wurin da ba a so, ba za ta ɗauke shi ba sam.

Maganar Maman Iman ta tuna mini da abin da ya fi muhimmanci. Idon da kake gani da shi, wani ma zai iya in ka yi sakaci. A 2014 an gano wani shafi da ke nuna dubun dubatar kyamarori kai tsaye daga gidaje da shagunan duniya, ba don an fasa su ba, don masu su sun bar kalmar sirrin da ta zo daga kamfani, irin su admin da 12345. A 2016 kuma wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama kyamarori da rautoci ta wannan ƙofar, aka kai hari da su a watan Oktoba har Twitter da Netflix suka tsaya wa mutane da yawa a Amurka.

Don haka ka buɗe asusun da imel ɗinka, ba na mai kafawa ba. Na sha zuwa gidan da yaron shago ya haɗa da asusunsa shekara guda da ta wuce, har yau yana iya kallo. Mai kafawa yana gama aiki ka sauya kalmar sirri, ta kyamara da ta rauta. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa wata lambar tabbatarwa kafin a shiga. In manhaja ta ce a sabunta, ka sabunta. Maman Walid kuma ka ba ta ta hanyar rabawa da ke cikin manhajar, da nata asusun. Wannan ne dalilin da ya sa a gidan iyali na fi son mai suna a kan marasa suna, don mai suna yana turo gyara. Ta garke ko gona, ba laifi.

In ta hannu za ka saya, a cire ta daga asusun mai ita a gabanka. Wasu, kamar Ezviz, ko ka danna maɓallin goge komai ba za ta shiga asusunka ba sai na farko ya sake ta.

Ɗan Maraɗi: Ƙari kaɗan. Kada a sa ta cikin ɗaki tana kallon waje ta gilashin taga, da dare fitilarta za ta bugi gilashin ka ga fari fat. Fitilar kuma tana jan ƙwari, gizo-gizo ya zo ya yi saƙa a gabanta. Ka zaɓi mai bambance mutum da sauran motsi, in ba haka ba kyanwa da ƙadangare za su yi ta tashinka har ka kashe sanarwar gaba ɗaya.

Alhaji na Gusau: Tambaya ta ƙarshe ɗana. Ƙarfe uku na dare wayarka ta yi ƙara, ka ga mutum a kan katanga, kana Fatakwal. Wa za ka kira? Ka tanadi wannan tun yanzu. Lambar maƙwabta biyu, ta shugaban 'yan sintirin unguwa, ta ofishin 'yan sanda mafi kusa, ga kuma 112. Ka gaya musu tun da rana cewa za ka iya kira da dare, su bar waya a kunne. Iyali kuma a ce musu kada kowa ya fito, su kulle su kunna fitilar waje.

Baban Walid: Allah ya saka wa kowa da alheri. Maman Iman, gaskiya ban yi shawara da ita ba, kuma tsakar gidan na yi niyyar sa ɗaya. Yanzu muka gama waya. Ta ce ƙofar gida da lungun bayan kicin, nan katangar ta fi gajarta, kuma ita za ta yi wa Hajiya bayani da safe. Zan ɗauki biyu na waje, da rauta mai layi, da batirin da Injiniya ya faɗa. Ƙarshen wata zan shigo Kano in leƙa kasuwar waya ta Farm Centre.

Injiniya, lungun bayan kicin ɗin katanga uku ne tsakaninsa da falo. Waifai zai kai?

Injiniya: Da wuya. Ja mata wayar intanet daga rauta, C310 tana da ramin. In ka iso ka tsaya a lungun da wayarka ka turo mini hoton sandunan, da hoton inda soket yake.